Shawara kan jera tsirrai masu faɗin ganye a gefen katanga

'Yan'uwa mazauna Kumasi, duk mai son ƙawata gefen katangarsa ya fara a watan Afrilu, lokacin da damina ta kankama. Jar ƙasarmu tana riƙe ruwa, don haka a haƙa zurfin santimita 40, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A dasa ayaba daga baya, tazarar mita 1 da katanga, sannan gwaza da citta su zo gabanta, su sha inuwa. Ni dai gwaza na fi so, saboda raɓar da ke taruwa a ganyen da asuba. Idan hunturu ya shigo a Disamba, a lulluɓe gindinsu da busasshen ganyen ayaba.