Babi na Shida: Fara Musayar Takardun Ciniki Tsakanin Kwamfuta da Kwamfuta

Duk ɗan kasuwar da yake kai wa babban kamfani kaya ya san takardun da ciniki ɗaya yake bukata, wato takardar oda, da takardar rakiyar kaya, da takardar neman biyan kuɗi. A yadda aka saba, akawun mai saye ne yake rubuta oda ya aika, akawun mai sayarwa kuma ya sake shigar da ita cikin tasa kwamfutar da hannu, kuma a wurin wannan kwafi ne sifiri yakan ƙaru ko ya ɓace. Tsarin da ake kira EDI ya kawar da wannan kwafi, domin kwamfutar wannan kamfani ce take aika wa kwamfutar wancan takardar kai tsaye, cikin tsarin da dukansu suka amince da shi. Hoton takarda da aka tura ta WhatsApp ko imel ba ya cikin wannan lissafi, tun da sai mutum ya karanta ya sake rubutawa.

Manyan ƙa'idojin rubuta waɗannan takardu biyu ne. Akwai X12, wadda aka kafa kwamitinta a Amurka a 1979, kuma ita da lamba take kiran kowace takarda: oda 850 ce, takardar neman biya 810, sanarwar turo kaya 856. Akwai kuma EDIFACT ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta samu amincewar ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, a 1987, ta kuma fi yaɗuwa a Turai da harkar jiragen ruwa, inda ake kiran waɗannan takardu ORDERS, INVOIC da DESADV. Mai farawa ba shi ne yakan zaɓa ba, babban abokin cinikinsa ne, saboda haka abin da zai fara nema shi ne littafin jagorar da wancan kamfani ya tanada, wanda ya fayyace abin da za a cika a kowane gurbi.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma aka fi rainawa, shi ne gyara bayanan kaya tun kafin a sayi wata manhaja. A kasuwa idan aka ce buhu ɗari, mai saye zai tambaya ko na kilo 50 ne ko na kilo 25, amma kwamfuta ba ta tambaya, abin da aka ba ta shi take zartarwa. Idan mai sayarwa yana lissafin katan mai ɗauke da guda 24, mai saye kuma ya rubuta shi a matsayin mai guda 12, to kowace oda da za ta wuce da kuskure za ta wuce, kuma cikin gaggawar da ta fi ta akawu. Don haka ya wajaba kowane nau'in kaya ya samu lamba ɗaya tak da ma'auni ɗaya tak, waɗanda ɓangarorin biyu suka rubuta iri ɗaya. Ƙungiyar GS1 ce take ba da lambobin da ake gani ƙarƙashin zanen layi-layi a jikin kaya, kuma waɗanda reshenta na Nijeriya yake bayarwa da 615 suke farawa. Ita ce kuma take ba da lambar GLN mai alƙaluma 13, wadda take bambanta wannan sito da wancan, domin kada a sauke kayan Kano a Kaduna.

Hanyar aikawa ba ta da wahalar zaɓa. Ana iya bi ta kamfanin da ke tsakani, wanda yake karɓar saƙo ya ajiye wa mai shi kamar akwatin gidan waya, ko a aika kai tsaye ta intanet da tsarin AS2, wanda Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ya bukaci masu kai masa kaya su koma kansa a 2002. Ƙaramin ɗan kasuwa mai oda kaɗan ya fi dacewa da shafin intanet inda zai cika gurabe, kamfanin da ke kula da shafin ya mayar da su EDI.

Idan an zo gwaji, a fara da abokin ciniki ɗaya da takarda ɗaya, wato oda, kuma kada a daina tsohuwar hanya sai lissafin biyu ya yi ta dacewa. A lura da kyau cewa saƙon amsa mai lamba 997 a X12, ko CONTRL a EDIFACT, shaida ce kawai cewa takarda ta isa kuma an duba tsarinta. Amincewa da odar kanta da 855 ko ORDRSP take zuwa, kuma mai saye da ya ruɗa su zai zauna jiran kayan da ba wanda ya yi alkawarin turowa. Sannan a rubuta yarjejeniya da za ta faɗi wanda zai riƙa duba saƙonni kowace safiya, da tsawon lokacin da za a adana su, da hanyar da za a bi a ranar da wuta ko intanet ta ɗauke alhali mota tana jiran lodi.