Darasi na 9: Turawan da suka fara ratsa teku, me suka fito nema?

To 'yan uwa, iyayena da yayyena, barkanmu da sake haɗuwa. Darasin yau karatu ne da ɗan lissafin shekaru a haɗe, kowa ya ajiye fensir da littafinsa kusa, in akwai taswirar duniya ko da ta bayan kalanda ce a shimfiɗa ta, don za mu bi hanya da yatsa.

Mu fara da ƙasar Fotugal. Ku duba can ƙarshen Turai ta yamma, 'yar siririyar ƙasa ce ta jingina da Sifen, gabanta kuma teku ne ba iyaka. A shekarar 1415 mutanen ƙasar nan suka tsallako suka ci garin Sabta da ke bakin ruwa a arewacin Maroko, kuma a nan ne suka ga abin da ya hana su barci, wato zinariyar da ayarin raƙuma ke kawowa daga kudancin hamada. Dama labarin ya daɗe da kai musu tun hajjin Mansa Musa na Mali a 1324, har wata taswira da aka zana a 1375 ta nuna shi a zaune riƙe da dunƙulen zinariya. Sannan ga kayan ƙamshi na gabas, masoro da kanumfari da kirfa, waɗanda kafin su iso Turai sai sun bi ta hannun 'yan kasuwar Indiya da Larabawa da mutanen Benis na Italiya, kowa ya ɗora ribarsa. Duk wanda ya taɓa sayen akuya ta hannun dillalai uku ya san yadda kuɗi ke hawa, kuma ya san ranar da zai ce bari in je ƙauyen da kaina. Abin da ya fito da su kenan, kasuwa. Akwai kuma niyyar yaɗa addininsu da neman abokan yaƙi a kan Musulmi, amma kuɗi ne a gaba.

Wani ɗan sarkinsu, Yarima Henri, shi ya riƙa zuba dukiya yana tura jirage suna bin gaɓar Afirka ta yamma. Akwai wani wuri ana ce masa Bojado, a gaɓar Yammacin Sahara, matuƙa suna tsoronsa sosai saboda ruwan ba zurfi ga duwatsu ga hazo, kuma iskar wurin daga arewa take kaɗawa, za ta kai ka kudu cikin sauƙi amma dawowa fa sai an sha wuya. Sai a 1434 wani mai suna Gil Eanes ya wuce shi ya dawo lafiya.

Anan ina so mu ɗan tsaya mu fahimci yadda jirgin yake tafiya, don ba inji a lokacin, ba fetur. Manyan ƙyallaye ake ɗaurewa a jikin dogayen itatuwa, iska ta buga su ta tura jirgin. Na Fotugal ƙanana ne marasa nauyi, ƙyallensu mai kusurwa uku irin wanda aka daɗe ana amfani da shi a Bahar Rum da jiragen Larabawa, shi ke ba su damar yin gicciye da iska ba sai ta zo ta bayansu ba. Suna da kamfas mai allurar da ke nuna arewa, suna kuma auna tsayin tauraron arewa da dare ko tsayin rana da tsakar rana su gane nisan da suka yi kudu. Babbar dabarar da suka koya ita ce, in za ka koma gida kar ka yi ta kokawa da iskar gaɓa, ka nausa cikin teku can yamma har ka daina ganin ƙasa, a can za ka tarar da wata iskar da za ta kai ka Fotugal. Hanyar ta fi tsawo amma ta fi sauri. Ni dai wannan basirar ina yaba musu ita, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya juya wa ƙasa baya da gangan.

Amma ku rubuta wannan shekarar, 1444. A shekarar aka sauke mutanen Afirka sama da 200 da aka kamo a wani gari mai suna Lagos a Fotugal, aka raba su kashi kashi, uwa nan ɗa can. Daga nan fa abin bai tsaya ba. A 1471 suka iso gaɓar ƙasar da yau ake kira Gana suka tarar da zinariyar da suke nema, a 1482 suka gina gidan Elmina, wani katafaren gini mai ganuwa a bakin teku, yana nan har gobe a tsaye, 'yan uwanmu na zango a Gana da yawa sun gan shi da idonsu. Ba a jima ba suka isa masarautar Benin. Duk wannan yana faruwa ne a zamanin da Muhammadu Rumfa yake sarautar Kano, daga 1463 zuwa 1499, fatakenmu suna kallon arewa ta Agadas, ashe wata ƙofa tana buɗewa ta kudu.

A 1488 Bartolomeu Dias ya zagaya ƙarshen Afirka ta kudu. Sai Vasco da Gama ya tashi daga Lisbon, babban birnin Fotugal, a watan Yulin 1497 da jirage 4 da mutum wajen 170. Sun yi kusan wata uku a tsakiyar teku ba su ga ƙasa ba. Da suka zagayo gabashin Afirka sai suka tarar da garuruwan Musulmi masu arziki, Mombasa da Malindi, jirage na ta kai da kawo zuwa Indiya tun ɗaruruwan shekaru. A Malindi aka ba su matuƙin da ya san hanya da lokacin iska, shi ya tsallakar da su cikin kwana 23, suka isa Kalikut, wani gari a gaɓar Indiya, a watan Mayun 1498. Kyautar da suka kai wa sarkin garin, yadi da huluna da sukari da zuma da mai, fadawa ma raina ta suka yi. Wajen dawowa sun taso ba a lokacin iska ba, tsallakawar da ta ci kwana 23 ta koma wajen wata uku, kuma wata cuta ta kama su, dasashi ya kumbura ya rufe haƙora, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa tauna abinci. Rashin ɗanyen abu ne a jiki, lemo da ganye, wata da watanni sai busasshen biskit da nama mai gishiri. Mutane suka ƙare har sai da suka ƙona jirgi ɗaya don babu masu tuƙa shi. Fiye da rabinsu ba su koma gida ba. Da Vasco da Gama ya sake dawowa a 1502 da jiragen yaƙi, ya tare wani jirgi ɗauke da alhazai masu dawowa daga Makka ya cinna masa wuta, har da mata da yara a ciki. Wannan ma tarihinsa ne, dole a karanta shi tare da na jarumtar.

Su kuma Sifen sai suka ɗauki nauyin Kiristofa Kolumbus, mutumin Jenowa ta Italiya, wanda ya ce tunda duniya a dunƙule take in ya yi yamma zai ɓullo gabas. Lissafinsa na girman duniya ya yi kaɗan ƙwarai. Ya tashi ranar 3 ga Agusta 1492 da jirage 3, ranar 12 ga Oktoba ya sauka a wani tsibiri na Bahamas yana zaton ya iso yankin Indiya. In kun ji ana cewa ya gano sabuwar duniya, to ga Turawa ce sabuwa, don ya tarar da mutane, kabilar Taino, da gonakinsu da sarakunansu, kuma cikin 'yan shekaru cututtukan da baƙin suka kawo da aikin dole suka kusa ƙarar da su. Da hannun aiki ya yi ƙaranci a gonakin rake sai aka juyo Afirka. Cikin shekaru ɗari uku da wani abu an loda mutum sama da miliyan 12 a jirage, har da Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Birazil, inda bayi Musulmi suka yi bore a 1835. Ta hanyar tekun nan kuma masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono suka iso mana, duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne.

Na ƙarshe a takaice, wani matuƙi mai suna Majelan ya tashi daga Sifen a 1519 da jirage 5, an kashe shi a Filifin a 1521, jirgi ɗaya ne ya komo a 1522 da mutum 18 bayan ya zagaye duniya.

Aikin aji. Kowa ya rubuta shekarun nan a jere daga ƙarama zuwa babba: 1498, 1415, 1522, 1482, 1444. A gefen kowace ka rubuta abin da ya faru da kalma uku ko huɗu kawai. Sannan ka cire 1415 daga 1498, shekara nawa kenan tsakanin cin Sabta da isa Kalikut? Wanda ya gama ya ɗora yatsa a Lisbon ya bi gaɓar Afirka har Malindi yana karanta sunan duk ƙasar da ya wuce da ƙarfi, na kusa da shi yana gyara masa.

Aikin gida kuma, ku duba kayan miya da hatsin da ke gidanku, ku rubuto guda biyar, ku ja layi a ƙarƙashin wanda kuka ji sunansa a darasin yau. Hajiyoyi ku taimaka wa mazan da sunayen kayan ƙamshi, a zo da littafin mako mai zuwa in Allah ya kai mu.