Yadda Ake Ɗaukar Hoton Jirgin Sama Yana Alkafura

Alkafurar da ake kira Lomcovák ta samo asali ne daga matuƙan Chekoslovakiya. Matuƙi yakan haura da jirgi, gudu ya ragu, sai ya tura sandar tuƙi gaba da gefe, ya taka fedar jela, inji na kan cikakken ƙarfi. Juyin farfela ne ke wuntsilar da jirgin, jela ta haye kan hanci. Jirage irin su Extra 330 da Pitts Special ne suka fi yin ta.

Wahalar mai hoto tana wajen saurin ƙiftawar kyamara. A 1/2000 na daƙiƙa farfela za ta daskare a hoto, jirgin ya zama kamar injinsa ya mutu. Farfela mai juyi 2,700 a minti tana kewaya digiri 65 a 1/250, kuma wannan ya isa a ga tana juyawa a hoton. Amma a tsakiyar alkafura bakin fikafikai ma na gudu, saboda haka ka ɗaga zuwa 1/400, in ba haka ba su dushe.

Ka yi amfani da gilashi mai zuƙowa 100 zuwa 400mm, kada ka cika zuƙowa. Dalili kuwa, hayaƙin ado da jirgin ke fitarwa, wanda ke nannaɗe shi, shi ne rabin kyawun hoton. Ka sa saitin bin abu mai motsi. Hasken sama na yaudarar kyamara ta baƙanta jirgi, don haka ka ƙara haske da +1, rana kuma ta kasance bayanka.

Da ka ga hancin jirgin ya miƙe sama, ka fara ɗauka a jere, ka sassauta bin jirgin da kyamara, domin jirgin kusan tsayawa yake yi a wurin.