Ka kunna zaɓin, amma yana aiki? Kurakuran da aka fi yi wajen saita kanel ɗin Linux don farautar matsala

Duk wanda ya taɓa buga `make menuconfig` ya shiga sashen `Kernel hacking` ya san yadda wurin yake: zaɓuɓɓuka reras, kowanne yana alƙawarin kama wata irin ɓarna. Sabon shiga yakan bi su yana danna Y har hannu ya gaji, ya gina kanel, ya kunna na'ura, bai ga ƙorafi ko ɗaya ba, sai ya ce kod ɗinsa lafiya lau. Yawancin kurakuran da zan kawo a nan tushensu ɗaya. Mutum yana ɗauka abin da ya zaɓa shi ne ke gudana, alhali tsakanin zaɓi da aiki akwai wurare da yawa da abu ke sulalewa ba tare da an ji ko motsinsa ba.

Rubuta wa .config layi da hannu

Fayil ɗin `.config` rubutu ne zalla, shi ya sa yake jan hankali. Ka buɗe shi, ka ƙara `CONFIG_PROVE_LOCKING=y` a ƙasa, ka buga `make`. Sai dai kafin a fara gini, Kconfig, tsarin da ke kula da zaɓuɓɓukan kanel, zai sake duba fayil ɗin, kuma duk zaɓin da sharuɗɗansa ba su cika ba zai zubar da shi, ba sallama ba ban kwana. Da yawa daga zaɓuɓɓukan wannan sashe sun rataya ne a kan `CONFIG_DEBUG_KERNEL`. Shi kansa ba wani aikin kirki yake yi ba, ƙofa ce kawai, amma in tana rufe ba mai shiga.

Wanda ya fi cin mutane shi ne `CONFIG_DEBUG_INFO`. Tsofaffin bayanai duk cewa suke a sa shi `=y`. Daga Linux 5.18, wato 2022, ba a zaɓensa kai tsaye. An mayar da shi abin da ke kunna kansa idan ka ɗauki ɗaya daga cikin `DEBUG_INFO_DWARF4`, `DEBUG_INFO_DWARF5` ko `DEBUG_INFO_DWARF_TOOLCHAIN_DEFAULT`. In ka rubuta tsohon layin shi kaɗai, kanel zai ginu sumul, babu bayanan da gdb, manhajar bin diddigin kod, ke nema a ciki ko kaɗan.

Gyaran bai da wuya. Yi amfani da `scripts/config --enable`, ka bi shi da `make olddefconfig`, sannan ka nemo zaɓin da `grep` ka gani da idonka ko ya tsira. In ya ɓace, koma cikin menuconfig ka danna `/`, ka rubuta sunansa. Zai nuna maka layin `Depends on` tare da halin da kowane sharaɗi yake ciki, nan take za ka ga wanda ya tokare. Mai tara zaɓuɓɓukansa a ƙaramin fayil daban gara ya haɗa su da `scripts/kconfig/merge_config.sh`, don shi yana faɗa idan abin da ka nema bai kai ga `.config` na ƙarshe ba. Kuma layin da ke cewa `# CONFIG_KAZA is not set` ba sharhi ba ne duk da alamar da ke gabansa. Umarni ne cewa a kashe, in ka goge shi zaɓin zai koma yadda aka tsara masa tun asali.

Gwada kanel ɗin da ba shi ka gina ba

Wannan abin kunya ne, amma ba wanda bai taɓa faɗa masa ba. Na taɓa ɓata yini guda ina ƙara `printk` a cikin wata direba, ina gini, ina sake kunnawa, saƙon ya ƙi fitowa. Har na fara zargin kwamfaila, wato manhajar da ke gina kod ɗin. Ashe na'urar tana tashi ne da tsohon kanel, sabon yana zaune a gefe ba wanda ya kira shi. Tun ranar nake sa wa kowane gini suna ta `CONFIG_LOCALVERSION`, abu na farko kuma bayan kunnawa shi ne `uname -r` da `uname -v`. Ka kunna `CONFIG_IKCONFIG` da `CONFIG_IKCONFIG_PROC` ma, domin `zcat /proc/config.gz` ya gaya maka saitin kanel ɗin da ke gudana yanzu, ba wanda kake zato ba.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne zubar da `vmlinux`. Abin da na'ura ke tashi da shi, `bzImage` a x86, matsattse ne kuma an cire masa bayanan bincike. Sunaye da lambobin layi suna cikin `vmlinux` na wannan ginin takamaimai. Ka sake gini ko da canjin layi ɗaya, adireshi na iya gocewa, sai `scripts/decode_stacktrace.sh` ko `scripts/faddr2line` su nuna maka layin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka modul ɗin da aka gina a waje: kunna lockdep, mai sa ido kan makullan kanel, yana ƙara girman `spinlock_t` da `struct mutex`, don haka dole a sake gina modul ɗin da sabon saiti.

Kunna komai lokaci guda

Ba a ma yarda da shi ba. KCSAN ba ya zama tare da KASAN, KMSAN kuma ba ya zama da ko ɗaya daga cikinsu, ga shi sai da Clang ake gina shi. Wanda ya jera su uku a fayil, Kconfig zai bar masa ɗaya, sauran su bi iska kamar yadda aka faɗa a sama.

Kowanne da irin naman da yake kamawa. KASAN, wanda ya shigo a Linux 4.0 a 2015, na taɓa memori ne bayan an sake shi ko wuce iyakar abin da aka ware. KCSAN na 5.8 na rige-rige ne, inda zare biyu ke taɓa wuri ɗaya ba kariya. KMSAN na 6.1 yana kama amfani da memorin da ba a zuba masa komai ba tukuna. Kmemleak na yoyon memori ne, wato abin da aka ware aka manta ba a sake ba. Fara da tambayar kanka wace irin alama kake gani, sannan ka ɗauki kayan aiki.

Akwai kuma nauyi. KASAN na gama-gari yana cinye kusan kashi ɗaya cikin 8 na memori don ajiye inuwarsa, bayanin Kconfig ɗinsa kuma ya ce yana rage gudu kamar sau 3. Matsalar da ke tasowa daga rige-rige tana iya ɓuya ƙurmus idan gudun ya canza haka. Ko kuma akasin haka: a kan QEMU, manhajar kwaikwayon na'ura, ba tare da KVM mai ƙara mata gudu ba, kanel mai nauyin kaya yana iya jan ƙafa har ya fara ihun `soft lockup` bayan daƙiƙa 20 ko tsaikon RCU, wata hanyar kanel ta daidaita zare, bayan daƙiƙa 21, ka tafi kana bin sawun abin da nauyin da ka ɗora ne ya haifar. Ga na'urar da mutane ke aiki da ita kullum, KFENCE na 5.12 ya fi dacewa. Yana tsintar samfuri ne jefi-jefi, a saitin asali duk bayan milisakan 100, don haka ba ya nauyi. Amma kada ka jira ya kama maka abu a gwajin minti biyar, shi sai da yawan na'urori da tsawon lokaci.

Ɗaukar shiru a matsayin lafiya

A nan nake so a daɗe, don a ganina nan ne aka fi yin asara.

Lockdep, wato `CONFIG_PROVE_LOCKING`, Ingo Molnar ya kawo shi a 2006, kuma har yau yana cikin abubuwan da suka fi amfani a sashen. Ba ya jiran na'ura ta sarƙe. Yana lura da jerin yadda ake kama makullai, idan ya ga wani wuri an kama A sannan B, wani wurin kuma B sannan A, sai ya yi magana ko da sarƙewar ba ta taɓa faruwa ba. Amma sau ɗaya yake magana. Da ya fitar da rahoton farko sai ya kashe kansa har a sake kunna na'ura. To ka ga, in wata direba da ba ruwanka da ita ta jawo rahoto tun wajen tashi, duk gwajin da ka yi bayan nan lockdep yana barci. Haka yake kashewa in kanel ya yi oops, wato ya ci karo da babban kuskure, in kuma aka loda modul mai lasisin da bai dace da GPL ba, za ka ga layin `Disabling lock debugging due to kernel taint` a `dmesg`. Kafin ka yarda da shirunsa, duba `/proc/lockdep_stats`. In `debug_locks` ya nuna 0, ba mai gadi a ƙofa. Ka kuma haɗa shi da `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP`, mai kama wanda ya kira abin da zai iya barci alhali yana riƙe da spinlock.

KASAN ma halinsa ke nan, rahoton farko kawai yake bugawa sai in ka ba kanel `kasan_multi_shot` a layin tashi.

`CONFIG_SLUB_DEBUG` yana saka kayan aikin ne kawai a cikin gini, bai kunna su ba. Sai ka ƙara `CONFIG_SLUB_DEBUG_ON` ko ka rubuta `slub_debug=FZPU` wajen tashi. Idan yana aiki, memorin da aka saki ana cika shi da 0x6b. Saboda haka duk ranar da ka ga `6b6b6b6b6b6b6b6b` a cikin rijista a rahoton oops, ba sai an gaya maka ba, wani ya karanta abin da aka riga aka sake.

Kmemleak ba ya zuba cikakken rahoto a `dmesg`. Yana bincike duk bayan minti 10, ya ajiye sakamako a `/sys/kernel/debug/kmemleak`, wanda sai an ɗora debugfs, tsarin fayilolin bincike na kanel, ake gani. Ba sai ka jira ba: rubuta `clear` a fayil ɗin kafin gwaji, `scan` bayan gwaji, sannan ka karanta. In ginin na da `DEBUG_KMEMLEAK_DEFAULT_OFF`, sai da `kmemleak=on`. Yakan kuma yi zargin banza wani lokaci, don haka karanta inda aka ware memorin kafin ka ɗora wa kowa laifi.

`pr_debug` da `dev_dbg` suna da ƙofa biyu. Da `CONFIG_DYNAMIC_DEBUG`, dole ka buɗe su ta rubuta wani abu kamar `file direba.c +p` a `/sys/kernel/debug/dynamic_debug/control`. Ko bayan nan, matakinsu 7 ne, ba za su fito a konsol ba sai ka ɗaga matakin zuwa 8 ko ka sa `ignore_loglevel`, duk da suna cikin `dmesg`.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a tsokani mai gadin da gangan. `CONFIG_LKDTM` an yi shi ne don wannan. Ka rubuta `WRITE_AFTER_FREE` a `/sys/kernel/debug/provoke-crash/DIRECT` ka ga ko KASAN zai yi kuka. A na'urar gwaji kawai, ba shakka. Kuma ka sake kunnawa bayan haka, tunda ka riga ka kashe rahoton nan guda ɗaya.

Gdb ya ƙi tsayawa

Ka tashi QEMU da `-s -S`, ka haɗa gdb da `target remote :1234`, ka kafa shinge a `start_kernel`, kanel ya wuce abinsa kamar ba a yi ba. Kusan kullum KASLR ne, wato `CONFIG_RANDOMIZE_BASE`. Shi yana sauya inda kanel ke zama a memori duk tashi, gdb kuma yana duba adireshin da ke cikin `vmlinux`. Ƙara `nokaslr` a layin tashi, ka kuma yi amfani da `hbreak` ga shingen farko-farko, don a lokacin kanel bai gama warware kansa zuwa wurinsa ba.

Kada ka ɗauki `DEBUG_INFO_REDUCED` don saurin gini in har gdb za ka shiga, yana cire bayanin cikin `struct`, kuma BTF, wani taƙaitaccen tsarin bayanan bincike, ba ya ginuwa tare da shi. Shi BTF ɗin yana buƙatar `pahole` a na'urar gini. `CONFIG_GDB_SCRIPTS` zai ba ka `lx-dmesg`, `lx-ps` da `lx-symbols`, na ƙarshen shi ke loda sunayen modul. In kuma ka ga `<optimized out>`, kada ka ɓata lokaci kana neman gina kanel gaba ɗaya da `-O0`, ba a tsara shi ya ginu haka ba.

Rahoton ya fito, ba inda zai sauka

Kanel ɗin da ya mutu ba ya rubuta wa faifai komai. In allon ya daskare kuma ba ka tanadi wata hanya ba, rahoton ya tafi ke nan. Tanadi `console=ttyS0,115200` ta tashar siriyal, ko netconsole ta hanyar sadarwa, ko pstore da ramoops masu ajiye saƙon ƙarshe har bayan sake kunnawa. In mutuwar tana zuwa kafin konsol ya tashi, `earlycon` ko `earlyprintk` ne za su fisshe ka. Ma'ajiyar saƙonni kuma zobe ce, sabo yana taka tsoho. `CONFIG_LOG_BUF_SHIFT` na asali 17 ne, wato KB 128, kuma SysRq-t guda ɗaya, haɗin maɓallan da ke buga halin kowane aiki, a na'ura mai ayyuka da yawa yana iya share rahoton farko, wanda shi ne mai daraja, sauran duk 'ya'yansa ne. Sa `log_buf_len=16M` ka huta.

`CONFIG_MAGIC_SYSRQ` ma yana iya kasancewa a kunne amma maɓallan su ƙi aiki, saboda lambar da ke `/proc/sys/kernel/sysrq` ta taƙaita su. Wannan taƙaitawar ta allon maɓallai ce kawai, root yana iya rubutawa a `/proc/sysrq-trigger` ko yaya take.

Sai wani ɗan ƙarami mai rikita lissafi. Tun Linux 4.15, `%p` a cikin `printk` ba ya buga adireshin gaskiya, yana buga lambar da aka dagula saboda tsaro. Mutum zai kwafe ta ya kai wa gdb, ya rasa gane kanta. A kanel ɗin gwaji, yi amfani da `%px` a saƙonka, ko ka tashi da `no_hash_pointers`, wanda ya shigo a 5.12. Zai buga maka babban gargaɗi a `dmesg` cewa wannan kanel ba na aikin yau da kullum ba ne, ka tabbata ka cire shi daga layin tashi kafin na'urar ta bar teburinka.