Darasi na 7: Jaka da Akwatin Mai Haɗa Kyamarar Tsaro

Mai haɗa kyamarar tsaro da ƙaramar wuta yake aiki. Yawancin kyamarori volt 12 suke ci. Waɗanda wutarsu ke biyo wayar intanet, wato tsarin PoE, ba sa wuce volt 57. Shi ya sa kayan aikinsa ba su da girma irin na makanike ko mai walda. Ƙanana ne, ga yawa, wasu kuma ko kaɗan ba sa son bugu. Rabin aikin a kan tsani ake yin sa, ko a cikin silin inda ba wurin miƙewa. Jakar da ta yi wa kafinta ba lallai ta yi maka ba.

Kada ka fara da saye

Tukuna, shimfiɗa kwali a ƙasa ka zube duk kayan aikinka a kai. Ɗauki kowanne ka tambayi kanka: a ina nake buƙatar wannan? Amsa ba ta wuce uku: a kan tsani, a gindin tsani, ko a mota. Kasa kayan kashi uku bisa amsar. Girman kowane kashi shi zai faɗa maka mazubin da za ka nema.

Mutane da yawa ta baya suke faro abin. Su ga jaka mai aljihu rututu ta burge su, su saya, sannan su shiga neman abin da za su cusa a ciki. Kafin wata biyu jaka ta zama kaya, kafaɗa ta fara ciwo.

Abin da ke hawa tsani

Ƙa'idar hawa tsani ita ce gaɓoɓi uku su kasance a jikinsa kullum: ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Wanda ya riƙo jaka a hannu ya riga ya karya ta. Don haka kashi na farko 'yar jakar ƙugu yake so, mai rataya a bel. Abin da zai shiga kaɗan ne: sukurudireba mai sauya baki, filayar yanka waya, abin fere waya, salatif, alƙalamin yin alama, da 'yan noti da kawunan waya (abin da ake sa wa bakin waya don a jona ta) na kyamarar da kake ɗaurawa yanzu. Injin huda bango kuma a ɗaura masa igiya a maƙala a bel, domin in ya suɓuce daga sama, ko ya fashe ko ya fasa kan wani.

Karanta wannan hira da ƙarfi.

"Maigida, miƙo min kan waya ɗaya."
"Ina waɗanda na ba ka?"
"Suna cikin babbar jaka, Maigida."
"Kai yaro, hawa na nawa ke nan kana yi saboda abu ɗaya?"
"Na huɗu."
"To sauko. Zuba biyar a jakar ƙugunka, sannan ka koma."

Jakar gindin tsani

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, saboda haka mu ɗan tsaya. Iri biyu aka fi amfani da su: jakar goyo mai zif, da jakar hannu mai buɗaɗɗen baki. Ta hannu tana da sauri, kana ganin komai, amma ƙurar huda bango a ciki take sauka, in ta kife kuma sai tsince-tsince. Ni dai ta goyo nake zaɓa wa mai wannan sana'a. Hannunsa biyu suna nan sake, ya ɗauki tsani da ɗaya, kwalin waya da ɗaya.

In ka je duba jaka, juya ta ka fara da gindinta. Na roba mai tauri ya fi, don jakar za ta tsaya da kanta kuma ba za ta sha ruwan ƙasa ba. Buɗe ta ka ga ko aljihunan a tsaye suke, yadda kowace filaya za ta nuna maka ƙotarta. Cikin jaka ya zama mai launi mai haske. Baƙin noti a baƙar jaka a cikin duhun silin, sai dai lalube. Ja zif sau goma, domin shi ke fara mutuwa. A takardar jaka za ka iya ganin 600D ko 1680D. Lambar kaurin zaren yadin ce, babbar lamba zare mai kauri. Amma duba ɗinkin maɗaurin kafaɗa da idonka, yadi mai kauri ba ya hana mugun ɗinki warwarewa. Araha dai ba ta ado.

Sai aljihu mai soso, na kayan da ba sa son bugu: mitar auna wuta, na'urar gwada waya, ƙaramar kwamfuta. Kada ƙarfe ya kwana tare da su. Jakata ta farko rami ɗaya ce kamar buhu. Na jefa murfin kyamara, irin mai kama da kifaffen ƙoƙo, tare da sukurudireba. Ƙarzuwa ce siririya kamar gashi, da rana ba wanda ya lura. Da dare ya yi, fitilun kyamarar na ganin duhu suka haska wurin, hoto ya koma fari fat kamar hazo. Sai da na sayi wani murfin daga aljihuna. Tun ranar kyamara ba ta fita daga kwalinta sai a gindin tsani.

Ƙananan kaya

Kan wayar intanet, RJ45, fil 8 gare shi da ɗan harshen roba mai saurin karyewa. Kan BNC na wayar kyamara mai zagayen jan ƙarfe ne. Ga noti, ga robar da ake cusawa a ramin bango, ga maƙalan waya. Waɗannan akwati mai ɗaki-ɗaki suke so, mai murfin da ake gani ta cikinsa. Gwajinsa ba wuya: zuba noti a ɗaki ɗaya, rufe, kife shi, girgiza. In noti ya tsallaka ɗakin maƙwabci, ajiye wa mai shi kayansa.

Raba kawunan Cat5e da na Cat6, wato iri biyu na wayar intanet. A ido kusan ɗaya suke, amma wayar Cat6 yawanci ta fi kauri, tana iya ƙin shiga kan Cat5e yadda ya kamata. Manna farin salatif a kan kowane ɗaki ka rubuta sunan abin da ke ciki da manyan baƙaƙe.

Abin da ke zama a mota

Akwatunan da ake jerawa wani kan wani su maƙale suna da daɗin aiki, na ƙasa da taya. Milwaukee na da nasa, Packout, DeWalt kuma ToughSystem, amma na wannan kamfani ba ya maƙalewa da na wancan. Ka tsaya a kan guda tun farko. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. In ka ga IP65 a jikin akwati, 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma yana jure feshin ruwa. Ba a ce a tsoma shi ba.

Waya ta zauna a kwalinta na mita 305, kada kwalin ya jiƙe, kada a ɗora masa nauyi, in ba haka ba ta harɗe wajen ja. Faifan ajiyar hoto na na'urar rikodi ya zauna a sosonsa har lokacin ɗaurawa. Batirin injin huda kuwa ba ya son zafi. Kada ka bar shi a rufaffiyar mota cikin rana, kada kuma bakinsa ya haɗu da sakakkun noti, ƙarfe na iya haɗa wutar ya yi tartsatsi.

Aikin yi

1. Rubuta sunayen abubuwa 6 da za su shiga jakar ƙugunka.
2. Kwalin waya mita 305 ne. Ka ja mita 40, da mita 65, da mita 90. Mita nawa ya rage? Rubuta amsar a jikin kwalin, kamar yadda za ka riƙa yi bayan kowane aiki.
3. Tsawon wayar intanet guda ɗaya ba ya wuce mita 100. Ragowar za ta isa kyamarar da ke nisan mita 95?
4. Mako mai zuwa ka zo aji da jakarka yadda take, kada ka gyara ta. Za mu zube ta mu kasa kashi uku.