Ƙanwata, ga yadda za ki samu gindin zama a harkar lantarki

Wajen mutum miliyan 600 ne ba su da wuta a Afirka kudu da Sahara, kuma Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka sun ɗau alkawarin haɗa wa mutum miliyan 300 wuta zuwa 2030. Aiki kam akwai shi, sai dai mata ba su da yawa a ciki. Rahoton IRENA, hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, na 2019 ya ce mata kashi 32 cikin 100 ne na ma'aikatan makamashi mai sabuntawa a duniya, kashi 22 a man fetur da iskar gas.

Da farko, kada ki yarda a ajiye ki a ofis da sunan tausayi. Za a ce rana ta yi zafi, hanya ba kyau, ki zauna ki rubuta rahoto. Ki yi godiya, ki ɗauki hular kwano ki shiga mota. Ranar ƙarin girma ba wanda zai tuna da tausayin nan, tambaya ɗaya ce: aiki nawa kika tsaya a kansa? Ki nemi takalmi da safar hannu daidai ke, don na cikin sito yawanci girman maza ne, kuma safa mai sako-sako haɗari ce a gaban waya. Ki iya lissafin lodi, wato yawan wutar da kayan aiki ke ja, da kanki. Injin niƙa idan zai tashi yakan ja ninkin ba ninkin wutar da yake ci yana aiki, nan ne na ga inbata da yawa, wato na'urorin da ke juya wutar batir zuwa ta gida, sun durƙushe. Duk aikin da kika gama ki rubuta shi a littafi: wuri, kilowat, matsala, gyara.

Takardu kuma kada ki yi musu sanyin jiki. Idan a Najeriya kike, ki yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, ki duba horon NAPTIN, cibiyar horar da ma'aikatan lantarki ta ƙasa, ki shiga APWEN, ƙungiyar mata injiniyoyi, don ki samu yayyen da za su ambace ki inda ba kya nan.

Sannan ki koyi kuɗi da doka, domin shugabanci a nan yake. Rebecca Miano lauya ce, ta zama shugabar kamfanin samar da wuta na Kenya, KenGen, a 2017. A shekarar ce Damilola Ogunbiyi ta karɓi ragamar hukumar samar da wuta a karkara ta Najeriya, kafin ta koma shugabancin SEforALL, ƙungiyar duniya mai neman makamashi mai ɗorewa ga kowa, a 2020. Ki roƙi a bar ki ki zauna taron kasafi ko da ba za ki ce uffan ba, ki karanta kwangila har ƙananan rubutun ƙasa.

Maganar tafiye-tafiye kuwa, ki warware ta da mutanen gida tun kafin ki sa hannu a takardar aiki.