Idan ƙuraje suka fito wa talo-talonki

Talo-talo tara nake da su a daminar da ƙurajen nan suka fara shigo mini gida, cikin Agusta, lokacin da ruwa ya kwanta a bayan katanga sauro ya yi yawa. Uku suka mutu. Da na duba daga baya, yunwa ce ta kashe biyu, domin ƙurajen sun rufe musu ido ba sa ganin dusa.

Sauro ne ke yawo da cutar, sai kuma rauni idan suna saran juna. Za ki fara ganin 'yan ƙulle-ƙulle farare a kai, da wuya, da tsokar nan mai reto a kan baki. Bayan kwanaki su yi baƙi su bushe. Ƙwayar bairos ce, babu allurar da ke kashe ta, kada mai shagon magani ya cinye miki kuɗi. Aikinki shi ne ki riƙe ran tsuntsun sati uku zuwa huɗu har ta wuce da kanta.

Ki ware marasa lafiya a wani akurki, ki rufa musu tsohon gidan sauro da yamma. Safe da yamma ki dangwali aidin, ruwan maganin nan da ake shafa wa rauni, da auduga ki shafa a kan ƙurajen, amma ki kiyayi ido. Idon da ya manne, ruwan ɗumi da ɗan gishiri kaɗan ake sa masa, a jiƙa a hankali har ya buɗe. Ni nakan shafa manja a ɓawon da ya yi tauri don ya yi laushi. Kada ki ɓanɓare da ƙarfi, jini zai fito. Baƙin mai da kananzir da wasu ke shafawa kuwa, ƙona fatar kawai suke yi.

Sai ki buɗe bakin kowanne ki leƙa. Idan kin ga wani abu rawaya kamar cuku ya manne a harshe ko maƙogwaro, tsuntsun yana buɗe baki yana neman iska, wannan ce mai kisa. A nan a kira malamin dabbobi. Shi zai ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su oxytetracycline a ruwan sha, don kada wata cutar ta hau kan gyambon.

Wanda ba ya gani, da hannu nake ba shi: dusa da kamu a dama da ruwa-ruwa, a ɗura masa kaɗan-kaɗan sau uku a rana. Akwai gajiya, amma haka shidan nan suka tashi har na sayar da su lokacin Kirsimeti.

Ɓawon da ya zube a share a ƙone, don cutar takan yi watanni a cikinsa. Ba ta kama mutum.

Rigakafi akwai, cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin sa. Ana yi wa masu lafiya suna wata biyu zuwa uku, kafin ruwa ya sauka sosai. Kaza a fiffike ake soka mata, talo-talo kuwa a cinya, saboda yana cusa kai ƙarƙashin fiffike idan zai yi barci. Bayan sati ki duba wurin, ɗan kumburi ne alamar ya kama. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, kuma da an haɗa maganin da ruwansa ba ya kwana, shi ya sa mu gida biyar muke haɗa kuɗi a kawo mana cikin ƙanƙara.